Sun Yanke Wa Hannuna Hukunci Ina Kwance

Shekarun da wannan abu ya same ni, ni ce mai zanen lalle da ake ji da ita a Maamobi, unguwarmu a Accra. Amare daga Nima, Kanda, har Accra New Town, layi suke bi a ƙofar ɗakinmu. Mijina ya rasu ya bar mini yara uku, da wannan hannun dama nake ciyar da su, ban taɓa zuwa ƙofar wani da kwano ba. Ina da baki kuma, kowa ya sani. Shi ya sa har yau in na tuna yadda aka mai da ni kamar jaririya, sai zuciyata ta tafasa.

Abin ya fara ne da babban yatsana, ina cikin zane sai ya yi sanyi, layi ya karkace. Na ɗauka gajiya ce, har ranar da na yanke jiki na faɗi a kasuwar Makola wajen sayen kaya. Da aka ɗauki hoton kaina, likita ya ce ƙari ne a ƙwaƙwalwa, ba mai yaɗuwa ba, amma ya zauna dab da wurin da ke motsa hannun dama. Ya ce sai an yi tiyata, kuma na taki sa'a, wasu likitoci baƙi sun zo da wata na'ura ta ɗan lokaci. Ana ɗora ta a kai, ta aika bugun maganaɗisu wuri-wuri, duk inda ta taɓa yatsa ya motsa sai a sa alama a jikin hoton. Da haka ake fitar da taswira, mai tiyata ya san inda zai bi da inda zai kauce wa. Ba yanka, ba allura, ina zaune idona biyu.

Yayana, wanda shi ne babba a gidanmu, shi ya raka ni. Likitar da ke kula da na'urar ta gwada mini sau ɗaya don in saki jiki. Na ji ƙas a kaina kamar an ɗalle ni da yatsa, sai babban yatsana ya yi tsalle da kansa. Ni dariya ma na yi, Yaya kuwa fuskarsa ta canza. Suka ce za su kira su ba ni ranar yin cikakken awon. Da aka tambayi lambar waya, Yaya ya ba da tasa, ni kuma ban ga komai a ciki ba, ai haka muka saba, babba ke gaba a sha'anin asibiti.

Na koma gida ina jira. 'Yan dubiya suna ta shigowa da koko da ƙosai, kowa da maganin da ya sani. Kullum in na tambayi Yaya sai ya ce ba su kira ba tukuna, daga baya ya ce wai na'urar ta lalace. Na yarda, wa zai zargi ɗan'uwansa? Ashe sun kira, har sun sake kira. Ashe an yi taron dangi a ɗakin gwaggonmu, bango ɗaya tsakanina da su, Yaya ya shaida musu wai wutar lantarki za a sa mini a kai irin ta masu taɓin hankali. Gwaggo ta ce in maganar ta fita cikin mutanenmu na Zango shi ke nan, za a ce akwai hauka a jininmu, 'yan matan gidan su rasa masu neman su. Aka yanke cewa a ce wa asibiti na ƙi, ni kuma kar a faɗa mini, wai mara lafiya ba a ɗora masa tunani. Manya guda nawa a ɗakin nan, ba wanda ya ce a leƙa a tambayi mai kan.

Baƙin suka tattara na'urarsu suka tafi. Faɗuwar ta yawaita, dole aka yi tiyatar haka nan. Alhamdulillahi an cire ƙarin, na rayu, kuma ba ni da abin cewa ga likitan sai godiya. Amma na farka hannuna na dama kamar na aro. Yanzu yana ɗaguwa, sai dai yatsun ba sa riƙe ko cokali, balle robar lalle.

A wajen gashin hannu a asibiti wata nas ta tambaye ni, cikin tausayi, me ya sa na ƙi awon nan alhali ta ga ina dariya ranar gwaji. A nan na gane da sunana aka ƙi. Na je na sami likita, ya ce ba zai rantse mini cewa taswirar za ta ceci hannun ba, amma da ita da ya shiga da ƙarin haske. Daga nan motar haya ta trotro na hau kai tsaye zuwa shagon Yaya. Bai ko musa ba.

“Don rufin asirinki muka yi,” in ji shi.

Na ce, “Yaya, asirin wa? Kaina ne ko naka?”

Sai ya ce ai ƙaddara ce, in yi haƙuri. Na yarda da ƙaddara, amma ba ƙaddara ce ta ɗaga waya ta yi ƙarya da sunana ba. Wannan ya fi mini ciwo fiye da hannun.

Abin da nake so masu karatu su ji shi ne, ciwo ba ya cire wa mutum hankali. In kun raka wani asibiti, ku rakiya kuka je, abin da ba ku gane ba ku tambayi likita, kar ku kai shi taron dangi. Ke kuma 'yar'uwa, ko wa ya raka ki, ba da lambarki, ki koma ki tambaya da bakinki. Ana ta ce mini in yafe, ina roƙon Allah Ya ba ni iko, amma ban kai can ba tukuna. Ko a sunan da aka yi kwanan nan a gidanmu, ina cin tuwo da hagu, gwaggon nan tawa ta dube ni a gaban mutane ta ce ba kyau musulma ta ci abinci da wannan hannun.