Ramin Maman Japheth

Kafin masu shayin Samaru su hura wuta, Hephzibah, wadda kowa ke kira Maman Japheth, ta riga ta hau bas zuwa Dogarawa. A can take aiki a lambun lemun Malam Uba, kuma aikinta na farko kullum durƙuso ne. Bishiya bayan bishiya take bi da kwando tana tsince duk lemun da ya faɗi, ta kai bayan lambu ta zuba a rami mai zurfi, ta rufe da ƙasa, ta tattake. Shekara da shekaru ke nan, har gwiwoyinta suka gaji.

Dalilinta ba ɓoyayye ba ne, ta faɗa wa duk wanda ya tsaya ya ji. Akwai wani ɗan ƙuda da ya yi yawa a 'yan shekarun nan, yana huda ɓawon lemu ya saka ƙwai. Ƙwan ya zama tsutsa, lemun ya yi ja tun bai ƙosa ba, ya faɗo. In an bar shi a nan, tsutsar ta fice ta shige ƙasa, ta fito ƙuda, ta koma kan bishiya. In an binne shi da zurfi, zance ya ƙare. Wannan ta koya a gonar gwaji tun tana budurwa.

To, amma a wajenmu lemun da ya faɗi na mai tsinta ne. Mutum zai shigo ya zaɓi mai dama-dama, ya watsar da ruɓaɓɓen a gindin bishiya, ya tafi. Da ta hana, aka ce marowaciya ce, ta gwammace ta ciyar da rami. Ta ji, ta ci gaba da binnewa.

Sai shekarar da lemu ya yi ta zuba a lambunan maƙwabta, wasu ƙuda ya ci, wasu ɗanko na tsattsafowa daga gindinsu har ganye ya bushe, na Malam Uba kuwa yana nan rataye. Mai hankali zai je ya tambaya. Mutanenmu ba su tambaya ba, lissafi suka yi: mace tana binne abu da sassafe, nata ya tsaya, namu ya zube. Aka ce asiri take binnewa. Kada wani ya ɗora wa wani, don da masu zuwa masallaci da masu zuwa coci aka haɗu aka yi. Matan zumuntar cocinsu ma suka daina karɓar ruwa a hannunta. Wato iyakar kyan aikinta, iyakar ɓacin sunanta.

Malam Uba, wanda yake cin moriyar ramin, da aka tare shi cewa ya yi shi dai ɗaukarta ya yi aiki, bai san abin da take yi a bayan lambu ba.

Ranar da masu lambunan suka taru suka ce sai an tone ramin, mutum ɗaya ce ta tsaya a gefenta, Barakatu mai sayar da lemu a unguwar PZ. Ta dube su ta ce, "Ku da lemunku ke zuwa mini da tsutsa kamar an yi masa cushe, ku ne za ku tuhumi wani?"

Maman Japheth ba ta yi rantsuwa ba, ba ta yi kuka ba. Shebur ta miƙa wa babbansu ta ce, "Baba, ka tona da kanka. Amma in ka gama ka rufe mini da kyau, kada ka sakar mini ƙuda."

Aka tona. Ba laya, ba ƙaho, sai ruɓaɓɓen lemu da matattun tsutsotsi da wari. Suka toshe hanci suka watse. Ita ta rufe ramin.

Yau je ka Dogarawa, kowane lambu da raminsa. Ka tambaya wa ya kawo dabarar, za a ce maka Malam Uba. Shi kuma yana gyara zaman hula yana amsawa. Har yanzu ba wanda ya taka zuwa Samaru ya ce mata ta yi haƙuri.

Ke ce kika durƙusa lambuna suka miƙe, Maman Japheth. Ke ce aka zaga kika bar mazagan suka kwaikwaye ki, ba ki ce su biya da ko gaisuwa ba. Na binne matata, na ga yadda garin nan ya iya yabo in an riga an rufe ƙasa. Shi ya sa na rubuta wannan kina raye. Mun gode, Allah ya saka miki, ya sassauta miki ciwon gwiwa.

Ƙarshen watan nan ɗanta Japheth zai zo ya tafi da ita garinsu. Masu lambu, ku ci gaba da tsincewa kuna binnewa kamar yadda ta koya muku. Amma kafin motar ta tashi, ku ɗebi lemu mai kyau, wanda aka tsinko daga sama, ku kai mata. In bakinku ya yi nauyin ba da haƙuri, ku dai faɗi sunan mai ramin.