Katin Zinaren Baƙo

Sunan Baƙo a cikin gidansa aka laƙaba masa shi. Autarsa tana 'yar shekara uku ya dawo daga tafiya, ya ajiye jaka ya ware hannu, yarinya ta ruga ta ɓuya bayan keken ɗinkin uwarta tana cewa, "Mama, mun yi baƙo." Aka bushe da dariya, har da shi. Sunan ya bi shi har ofis, ya kuma amsa shi ba tare da ya taɓa tsayawa ya ji zafinsa ba.

Aikinsa gyaran injinan gwajin jini ne. Kamfaninsu ke sayar wa asibitoci, in inji ya tsaya a wani gari sai a tura Baƙo da jakar kayan aiki. Mutum ne mai tsantseni har ya yi yawa. Ba ya rufe inji sai ya jera sukurori a kan farin hankici ya tabbatar babu wanda ya yi ɓatan kai. Bai iya ha'inci ba, bai iya yanke hanya ba, kuma wallahi wannan halin kirkin ne ya ci shi.

Wata shekara kamfani ya ce kowane ma'aikaci mai yawan tafiya ya zaɓi otel ɗin da zai riƙa sauka, a yi masa katin zama ɗan gida. Baƙo ya zo da takardu biyu ya shimfiɗa a kan teburin yankan yadin matarsa. Otel na farko sun ce duk kwana goma da ka yi, za su ba ka kwana ɗaya kyauta, nan take. Na biyun kuwa maki ake tarawa, da hawa-hawa: shuɗin kati, na azurfa, sannan na zinare. Suna da rassa a kowane gari, a bayan takardarsu kuma akwai hoton wani reshe a bakin teku, da fararen kujeru biyu a baranda suna fuskantar ruwa.

Matar ta ajiye almakashi ta ɗora yatsa a kan hoton. "Maigida, wannan duk ruwa ne? Ba ƙarshe?"

"Ba ƙarshe," in ji shi. "Ba ki taɓa gani ba, ko? To, kin ga kujerar nan ta hagu? Taki ce. Kwana bakwai za mu yi, ba ɗinki, ba girki, ba kukan yara."

Dogo, abokin aikinsa da suke yawan haɗuwa a hanya, ya zaɓi na farko. Ya ce, "Baƙo, ƙwai a baka ya fi kaza a akurki."

"In za ka sha giya, sha ta dubu," Baƙo ya mayar masa. "Kai ka tsaya kan kwana ɗaiɗai."

Dogo kuwa bai ji haushi ba. Duk bayan wata biyu ya ɗauki matarsa su je su kwana ɗaya a ɗaki mai sanyi, su ci ƙwai da burodi da safe su dawo. Baƙo yana yi masa kallon wanda bai san ciwon kansa ba.

Shekara goma sha tara Baƙo ya yi yana bauta wa katin nan. In asibiti yana gabas da gari, reshen otel ɗinsu yana yamma, sai ya ratsa garin safe da yamma a cikin cunkoso. Ya san ɗakunan kamar tafin hannunsa, don duk iri ɗaya ne: labule mai ruwan ƙasa, butar shayi, hoton kwale-kwale a saman gado, da 'yar sabulu a nannaɗe da takarda. Sabulun yake kawo wa yara tsaraba, har suka girma suka daina murna. Ya hau azurfa, ya hau zinare. Da ya miƙa kati sai a ce, "Barka da dawowa gida, ranka ya daɗe," shi kuma ya ji kansa ya yi girma. Ka ji fa, wai gida!

Su kuwa masu otel ba wawaye ba ne. Duk lokacin da makinsa ya kusa isa kwana bakwai, sai su ƙara yawan makin da ake bukata. Matar ta sha ce masa, "Mu je mu yi ko kwana biyu ne, in ga ruwan in dawo." Sai ya ce a'a, bakwai ya yi alkawari, bakwai za a yi, saura kaɗan. Wannan "saura kaɗan" ta ji shi har ta daina tambaya. Ta aurar da babbar 'yarsu, ta kai ɗan tsakiya makarantar kwana, ta canza keken ɗinki sau biyu, hoton tekun yana manne a jikin bango har ruwan ya koɗe ya koma fari.

Akwai wata ƙa'ida da ta fi damun Baƙo. Sai ka yi kwana ɗari a shekara katinka ke zama na zinare, kuma masu zinare kaɗai ake ba ɗakin da ke fuskantar teku. Shekarun da injina suka yi lafiya, sai ƙarshen Disamba ya zo yana da kwana casa'in da bakwai ko da takwas. Sau huɗu hakan ta faru. Me zai yi? Sai ya haɗa jaka, ya ce wa matarsa an kira shi wani gari, ya hau tasi ya sauka a reshen otel ɗin da ke cikin garinsu, tafiyar minti goma daga ƙofar gidansa. Ya biya daga aljihunsa, ya kulle kansa a ɗaki yana kallon talabijin har kwanakin su cika. Kunya ta hana shi faɗa mata, don ya san za ta ce ya zare. Yana kwance yana jin ƙarar jirgin ƙasan da suke ji daga gida, yana lallashin kansa cewa ai don ita yake yi.

Sai ga ciwo ya shigo ba sallama. Wata safiya tana tsaka da ɗinki almakashi ya faɗi daga hannunta, ɓarin jikinta na dama ya shanye. A nan kam Baƙo ya nuna shi ɗan halak ne. Ya ajiye aiki tun lokacin ritayarsa bai yi ba, ya mayar da kwamfutar ofis da jakar kayan aiki, ya zauna. Shi ke yi mata wanka, shi ke ba ta abinci da cokali, shi ke kai ta asibiti gashin ƙashi sau uku a mako. Wata ashirin bai kwana ko'ina ba sai gefen gadonta. A hankali magana ta dawo, ƙafa ta fara ɗauka, har ta iya takawa da sanda.

Ranar da likita ya ce za ta iya doguwar tafiya, Baƙo ya ji kamar an yi masa bushara. Suna fitowa daga asibiti ya ce wa mai tasi ya biya da su reshen otel ɗin nan na cikin garinsu. Ya kama hannunta suka hau matakala uku na ƙofar, ya zaunar da ita a kujerar da ke kusa da kantar karɓar baƙi, ya zaro katin daga walat. Duk zinaren gefensa ya goge.

"'Yata," ya ce wa yarinyar da ke karɓar baƙi, "ɗaki mai fuskantar teku, kwana bakwai, mutum biyu. Da makina."

Yarinyar ta danna kwamfuta, ta sake dannawa, murmushinta ya ragu. "Baba, ai makin ya mutu."

"Ya me?"

"In aka yi wata goma sha takwas ba a kwana a wurinmu ba, makin yana gogewa. Yana cikin ƙa'ida. Mun aika maka da saƙo har sau uku."

Ta karanto adireshin. Imel ɗin ofis ne, wanda aka rufe tun ranar da ya ajiye aiki. Baƙo ya dafa kantar da hannu biyu. Ya ce ta kira manaja. Manaja ya zo da kwat da taushin murya, ya ce abin daga babban ofis ne, ko shi ba shi da ikon taɓawa, ya ba da haƙuri ya koma ciki.

Yarinyar ta ji tausayinsa, ta so ta sanyaya masa rai, ba ta san gishiri take zubawa a ciwo ba. "Amma Baba tarihinka yana nan, ban taɓa ganin irinsa ba. Kwana dubu biyu da ɗari da casa'in ka yi da mu."

Daga kujera matar ta ce, "Shekara shida ke nan." Tela ce, lissafi ba ya ba ta wuya.

"Har a wannan reshen namu ka kwana," yarinyar ta ci gaba. "Kwana goma sha ɗaya, duk a ƙarshen Disamba. Na gane, cikon kwana ɗari ne. Ai da ka biya ka karɓi mukulli ka koma gida abinka, kwamfuta ba ta san ko mutum yana ɗaki ba. Duk masu zinare haka suke yi."

Baƙo ya sauke hannuwansa daga kan kantar. Shekara da shekaru bai taɓa kawo wannan a ransa ba. An ce kwana, shi kuma ya kwana. Ya juya a hankali ya dubi matarsa, yana jiran ta yi mamaki, amma ko gezau ba ta yi ba.

"Na sani tun na farko," ta ce. Maganarta tana ɗan ja tun bayan ciwon, amma kowace kalma ta fito. "Mai kawo min zare ya gan ka kana shiga nan da jaka, ranar da ka ce ka yi nisa."

"Maman yara, me ya sa ba ki..."

"Na zaci mace ce. Shekara goma sha ɗaya ina zaton mace ce. In Disamba ta zo in goge maka kaya, in haɗa maka jaka, in shiga ɗaki in yi kukana yara ba su gani ba. Na haɗiye don kada gida ya watse." Ta dubi katin da ke kan kantar. "Ashe wannan ne. Wallahi da mace ce da na fi ganin girmanka, ko ba komai mutum ce."

"Don ke na yi. Don ɗakin nan mai fuskantar ruwa."

"Na sani yanzu. Ni kwana biyu na roƙa, Maigida. Wata ashirin ɗin nan da suka kashe maka maki, su kaɗai na samu a wurinka, su ma sai da rabin jikina ya mutu."

Yarinyar ta rasa inda za ta sa kanta, sai ta koma ga abin da aka koya mata. "Baba, in ka kwana yau za mu buɗe maka sabon lissafi. Daga shuɗin kati za ka fara."

Matar ta yi dariya da rabin fuskarta mai motsi, ta dogara sanda ta miƙe da kanta. "Kwana mana, Baƙo," ta ce. A duk zamansu ba ta taɓa kiransa da wannan sunan ba sai ranar. "Ni dai na san hanyar gida."

Ya bar katin a kan kantar ya bi ta da sauri. A bakin ƙofa ya miƙa mata hannu, ta tsaya ta dube shi, sannan ta kama, don matakalar uku ce kuma babu ƙarfen dafawa. Suna sauka ta sake shi.