Mai Sassaƙa Tambarin Buhunan Auduga

A bakin tashar jirgin ƙasa ta Gombe yake zama, dattijo ne mai yatsu baƙi ƙirin da tawada. Da reza yake sassaƙa tsohon takalmin soso, yana fitar da tambarin da manoma ke bugawa a buhunan auduga. Tun da kuɗin fetur ya raba mutane da gona, ba mai tsayawa wurinsa. Ina jin hannun ne ya ƙi dainawa.

Ya dangwala soson a tawada, ya danna a hannun rigarsa. Rigar duk tambura ce.

Na ce, "Baba, wannan na wa ne?"

"Na Dalhatu, yana Legas yana dako." Ya shafa rigar. "Duk ga su nan a jikina, ɗana. Buhun ne babu."