Igiyar Baba Labaran

Duk wanda ya sha ruwan rijiya a ƙauyenmu, can bayan Daudawa, gumin Baba Labaran ya sha, ko ya sani ko bai sani ba. Shekara arba'in yana haƙar rijiya. Gajere ne, ƙafafunsa a gwame, kuma ba ya son surutu. Asalinsa daga gidajen Maguzawa na gefen gari yake, kuma har yau idan an taru a ƙofar mai gari, a bakin tabarma yake zama, kusa da takalman mutane. Babu wanda ya taɓa ce masa ya zauna can. Haka ya tarar ubansa yana yi.

Rijiyar da ya fi ji da ita ita ce ta bakin fadama. Idan rani ya tsananta sauran sun ƙafe, ita kaɗai ke shayar da mu da dabbobinmu, har da mutanen da rashin tsaro ya koro mana daga ƙauyukan daji. Yana da wata tsohuwar igiya mai dutse a baki. Kowace shekara, kafin ruwan farko, sai ya zura ta har dutsen ya taɓa ruwa, ya ƙulla ƙulli daidai bakin rijiyar. Ƙulli ashirin da uku ke jikinta, kuma kowane sabo yana nesa da dutsen fiye da na bara. Wato ruwan yana ƙara yin ƙasa. Matarsa Asibi takan tsokane shi cewa ya fi kula da igiyar nan fiye da rigarsa, kuma ba ƙarya ta yi ba.

Shekara biyu da suka wuce wani kamfani ya zo da shirin kafa tashar iskar haidurojin a fadamarmu. Bayanin da suka yi shi ne, za a ɗebo ruwa daga ƙasa, a raba shi da wutar sola, a samu wata iska da ake ƙonawa babu hayaƙi. Injiniyarsu, Hajiya Mansura, mace ce mai kirki, ba zan ci haƙƙinta ba. Ta ce ba za a dasa ko tubali ɗaya ba sai an ji ra'ayin talakawa, musamman waɗanda ba a saba tambaya ba. Ni malamin firamare ne, sai aka ba ni aikin rubuta sunayen mahalarta.

Sau uku aka yi taro, dukkansu da damina, lokacin da ko tafin ƙafa ka dangwala a fadama sai ruwa ya fito. Kuma taro a wurinmu yana da tsari. Mai gari ne ke fara magana, sai liman, sai masu unguwanni, sai manyan manoma. Da zarar mai gari ya ce mun gode, Allah ya sa alheri, to magana ta ƙare, wanda ya ƙara wani abu ya yi rashin kunya. Hajiya Mansura ba ta san wannan ba. Sai bayan an yi godiyar take ɗaga kai ta tambaya ko akwai mai ƙarin bayani, kowa ya sunkuyar da kai, ita kuma ta rubuta cewa jama'a sun amince. Sau ukun nan duk Baba Labaran yana wurin da igiyarsa a naɗe cikin buhu. Ni na rubuta sunansa da hannuna, na kuma san abin da ke cikin buhun, amma ban ce uffan ba. Wannan yana damuna har yanzu.

A taro na huɗu ya gaji. Bai yi magana a gaban manya ba, ya jira aka watse, ya tare Hajiya Mansura a jikin mota, ya warware igiyar a ƙasa.

"Ɗiyata, ki dubi igiyar ga," in ji shi. "Ruwan da kuka gani na sama ne. Na ƙasa kowace shekara gudu yakai. In kunka sa injinku, rijiyar ga ba ta kai bazara."

Ta durƙusa ta ƙirga ƙullin, ta ɗauki hoto, na ga fuskarta ta sauya. Ta tambaye shi, "Baba, me ya sa ba ka faɗa ba tun taron farko?"

Ya ce, "Ba a kira ni ba."

Ta gaya masa gaskiya: an riga an aika da rahoto, an zaɓi wuri, masu haƙar burtsatsen gwaji suna hanya. Ta yi alkawarin rubuta maganarsa a ƙarin bayani, kuma na yarda ta rubuta. Sai dai ban san wanda ya karanta ba.

Bayan kaka aka haƙa burtsatsen, taku kaɗan daga rijiyar, aka yi ta zuƙar ruwa don a auna ƙarfinsa. Wajen watan Maris guga ya fara fitowa da laka. Mata suka koma tafiyar sama da awa ɗaya zuwa rafi, suna tona yashi. Baba Labaran, da tsufansa da ciwon gwiwa, ya shiga rijiyar ya ƙara mata zurfin gaba biyu, ya tarar da dutse, ya fito. A watan Afrilu ya zura igiyarsa kamar kullum. Ta tafi har ƙasa, dutsen ya dawo a bushe. Ya daɗe a tsaye riƙe da ita, don babu wurin da zai ƙulla.

Kamfanin ya dakatar da gwajin, aka kira taro na biyar. Wannan karon kujerar roba aka ajiye wa Baba Labaran a gaba, kusa da mai gari, aka ce shi zai fara magana. Ya zauna a ɗosane kamar baƙo a gidan surukai. Hajiya Mansura ta roƙe shi ya nuna wa manyanta na kamfanin igiyar, ya faɗi duk abin da ke ransa.

Ya ce, "Abin da ni ka son hwaɗi kar ya faru ne, ya kuwa faru. Yanzu mi zan ce?"

Igiyar kuma bai zo da ita ba. Da na bi ta gidansa da yamma, na gan ta a gindin dalbejiya. Asibi ta ɗaure akuyarta da ita.