Sunan da Bature ya sa wa kakana

Kakana na wajen uba ya yi dako a wani kamfanin sayen gyaɗa a birni tun yana saurayi, kafin ya dawo ƙauyenmu a ƙasar Shanono ya rungumi fartanya. Labarin da ya fi son bayarwa shi ne na sunan da Baturen kamfanin yake kiransa da shi: Sili. A ganinsa Baturen ya tsinci Hausa ne, ya gan shi siriri kamar silin tsintsiya.

Ina aji biyu a sakandaren 'yan mata malamar Turanci ta rubuta kalmar "silly" a allo, ta karanta mana. Ban san sanda na miƙe ba.

"Malama, ai sunan kakana ke nan. Bature ne ya sa masa."

Wata 'yar birni daga unguwar Bacirawa da ta fi mu jin Turanci ta kifa kai a tebur tana dariya. "Sakarai fa ake nufi," in ji ta. Aji ya ɗauka. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Malama ta tsawatar, sannan ta ce a zamanin da, a bakin Turawa, kalmar tana nufin mai albarka. Daga nan ta koma abin tausayi, a ƙarshe ta tsaya a kan sakarai. Na san don ta rufa mini asiri ta kawo wannan.

Da yamma na tarar da kakan nawa a zaure yana ɓarar gyaɗa.

"Amarya, wa ya taɓa mini ke?"

Na ce ba kowa, yau dai mun karanta sunansa, ashe Turanci ne.

"To, me yake nufi?"

Na dubi farin gemunsa. "Mai albarka, Kaka."

Ya ajiye ƙwaryar ya yi hamdala. Kafin magariba duk ƙofar masallaci ta ji, har da cewa jikarsa 'yar boko ce ta fassara.

Ranar sunan ƙanena, kakana ya maimaita labarin ga wasu samari biyu masu karatu a jami'ar wajen Rijiyar Zaki. Ina kawo musu ruwa a lokacin. Suka ce, "Haka ne, Baba," suka sunkuyar da kai. Ɗayan ya ɗago ya dube ni. Na dire kofunan na koma cikin gida, ban sake fitowa ba har taro ya watse.