Akuya Ta Uku

Iya, mahaifiyar Babanmu, ba ta taɓa yarda a ce wane "ba shi da kirki" a tsaya nan ba. Sai ta ɗago kai ta ce, "Wane irin rashin kirki? Rowa ce, ko gulma, ko saurin fushi? Ku kira abu da sunansa." Kowa a gidanmu, can wani ƙauye bayan Minjibir, akwai sunan da ta laƙaba masa. Yayana Sani shi ne mai rawar kai. Ƙanwata Hadiza uwar mita. Ni kuwa Zullumi take kirana, don ko hadari aka ce ya taso, ni rushewar katanga nake hangowa. Wallahi har yau ban canza ba.

Ina shekara tara ƙanenmu Habibu ya rasu, watansa biyu a duniya. Aka yi zaman makoki, aka watse, kowa ya koma gona don lokacin yankan dawa ne. Inna, mahaifiyarmu, ce kawai ba ta dawo daidai ba. Ta yi shiru. Tuwo ya kama a tukunya tana zaune tana kallonsa. Maƙwabta su yi sallama ta amsa da ka. Ba ta kuka, ba ta dariya, ko faɗan da take mana in mun ɓata kaya ta daina, ni kuwa har faɗan nan na yi kewa.

Wata rana da la'asar ina bayan rumbu ina ɗiban kara, na ji Gwaggo Talatu, ƙanwar Baba, tana yi masa magana.

"Yaya, wannan fa ya wuce makoki, miskilanci ne. Ita kaɗai ta taɓa binne ɗa? Ni biyu na binne, kwana bakwai na miƙe na ɗau taɓarya. Girman kai ne da baƙin rai. Ka mai da ta Gezawa gidan ubanta, in ta huce ta dawo."

Baba ya ce, "To. Jibi."

Na san irin wannan tafiyar. Uwar ƙawata Ladidi ma cewa aka yi ta je ta huce, ga shi damina biyu ba ta dawo ba. Ranar ban iya cin abinci ba. Kowane motsi sai na leƙa ɗakin Inna na ga ko an sauke akwatinta daga kan gado.

Mutum ɗaya ce za ta iya hana Baba, ita ce Iya. Amma Baba ɗan farinta ne. Ba ta faɗar sunansa, ba ta kallon fuskarsa, balle ta zaunar da shi su yi zancen matarsa. "Mutumin nan" take ce masa. In jinkar ɗakinta tana yoyo, mu take gaya wa da ƙarfi yadda zai ji. Na yi ta lissafi a raina, ta ina za ta ɓullo masa? Ban ga hanya ba.

Washegari bayan sallar isha'i muka taru a ƙofar ɗakinta jin tatsuniya kamar kullum. Sanyi ya fara shigowa, an hura wutar kara, ga ƙwaryar gyada a tsakiya muna ɓarewa. Baba yana kan tabarma a rumfa, bai fi taku goma ba, da rediyonsa. Inna tana ɗaki, ba fitila.

Iya ta ce, "Sani, ka ce wa mutumin nan rediyon nan ya hana ni jin bakina."

Kafin Sani ya tashi an kashe rediyo.

"Ga wata nan ta yi sallama," in ji Iya, don ita haka take buɗe tatsuniyarta.

"Ta shigo, ƙofa a buɗe take," muka amsa.

Wai wani manomi ne da awakinsa uku. Ya wayi gari ya zuba musu harawa, duk ukun suka ƙi ci. Washegari ma haka. Ya fusata ya ce taurin kai ne, ya ɗaure su a igiya ɗaya ya nufi kasuwa wajen mahauta. A mararraba ya tarar da wata tsohuwa tana tsintar kara. Ta ce ya tsaya ta duba su.

Ta ja igiyar ta farko, akuya ta turje ta ɗaga kunnuwa. Tsohuwa ta ce, "Wannan kam mai taurin kai ce, ka yi gaskiya." Ta taɓa cikin ta biyu ta ji shi dam. Ta ce, "Wannan makira ce, gonar maƙwabci take shiga ta ƙoshi, sannan ta zo tana maka marairaicewa." Da ta zo kan ta uku sai ta durƙusa. Ta ga hantsarta ta cika da nono har yana ɗiga, idonta kuma yana can wajen dawa. Ta ce, "Ina ɗanta?" Manomi ya ce, "Kura ta ɗauke shi kwanakin baya. Amma ai an gama wannan."

A nan Iya ta ajiye gyadar hannunta. Muryarta ta ɗan ƙaru, ba mu take kallo ba, wutar take kallo.

"Tsohuwa ta ce masa, kai ne ka gama, ita ba ta gama ba. Duk ukun sun ƙi ci, amma ba abu ɗaya ya hana su ba. Taurin kai hali ne, makirci hali ne, su ne zanen dutse. Wannan kuwa baƙin ciki ne. Ciwo ne, jinya yake so. Wanda ya kira ciwo da sunan hali, wuƙa zai kai masa a maimakon magani."

Ta ɗauki gyadarta ta ci gaba da ɓarewa. Wutar ta fara lafawa.

Hadiza ta ƙosa ta ce, "Iya, to ya sayar da ita?"

"Oho. Ni a mararraba na baro shi. Igiyar tana hannunsa har yanzu." Ta karkaɗe zanenta. "Nan na sauke ta, mai so ya ɗauka. Ku je ku kwanta."

Sani ya yi ta ƙunƙuni wai an cuce mu, tatsuniya ba ƙarshe. Na saci kallon rumfa. Baba yana nan zaune, bai kunna rediyon ba.

Da safe na gan shi ya shigo gida, ƙafarsa duk raɓa da ƙasa. Ya nufi ɗakin Inna. Na ce shi ke nan, ya je ya tsayar da mota. Na maƙale a jikin katanga. Bai shiga ba. Ya jawo turmi ya kifa, ya zauna a bakin ƙofa.

"Binta," ya ce wa Inna, "daga wajen Habibu nake. Na gyara ƙasar, na sa ƙaya kada dabbobi su taka."

Tun ranar da aka kai yaron ba wanda ya sake ambaton sunansa a gidan, wai kada a tayar mata da hankali. Sai na ji wani irin kuka ya fito daga ɗakin, kukan da ban taɓa ji ba. Baba ya sunkuyar da kai, shi ma yana share ido da hannun riga. Iya kuwa tana can tana watsa wa kaji tsaba, ta juya musu baya kamar ba ta ji ba.

Ba a je Gezawa ba. Ba kuma a ranar Inna ta warke ba, sai da aka kusa shuka sannan na ji dariyarta. Gwaggo Talatu ta yi fushi ta ɗauke ƙafa wata guda.

Yanzu ina koyarwa a wata firamare a Rijiyar Zaki. Ƙarshen kowane zango akwai gurbin da ake so na rubuta halin ɗalibi a layi ɗaya, kuma ba abin da ke tsorata ni a aikin kamar layin nan. In yarinya ta yi shiru wata uku, biro yana hannuna, kalmar "miskila" tana bakin alƙalami, sai na tuna saura kwana ɗaya kalmar nan ta raba ni da uwata. Na ajiye biron na kira ta na ce, "Me ya faru a gida?"

Iya ta daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙanta. Inna tana nan da ranta. Mu biyar ne a raye, amma in baƙo ya tambaye ta 'ya'yanta nawa, shida take cewa. Baba ne yake fara gyaɗa kai.