Burodin tuffa da mahaifiyata ta cika wa kanwa

Shekarun baya, lokacin muna zaune a wasu gidajen haya da ke bayan titin Wendover Avenue, can ƙasar Turawa, mahaifiyata ta zo mana daga Damagaram. Sanyi bai kankama ba, ganyen itatuwa dai sun fara ja. Ni ina koyar da Faransanci a wata sakandare, wato aikina in tsaya gaban yara ina roƙonsu su furta haruffan da ba su da niyyar furtawa. A gida kuma na samu ƙarin muƙami: tafintan Inna, ba albashi, ba hutu.

Ƙofarmu na kallon ta wata tsohuwa Baturiya da mijinta. Ta taso ne cikin Amish, can jihar Pennsylvania, mutanen nan da har yau keken doki suke hawa, ba ruwansu da lantarki. Ta bar cikinsu da ta yi aure, amma hannunta bai baro su ba. Duk Asabar ƙamshin kirfa ke riga ta isowa ƙofarmu. Burodin tuffa take gasawa: ciki da laushi da danshi, gutsattsarin tuffa sun narke kamar zuma, sama kuma ɓawon sukari da kirfa mai ƙaras-ƙaras. A da ina yi wa marubutan da ke ɓata shafuka kan ɗanɗanon abu ɗaya dariya. Da na ci wannan sai na rage.

Ranar da Inna ta fara ci, ta tauna, sannan ta ce, "Wannan matar ta san wuta." Inna ta yi shekaru tana tuyar masa a ƙofar gida, kuma ban taɓa jin ta ba wani wannan shaidar ba. Daga nan ta riƙa shiga wurin tsohuwar kallon gashin burodi. Inna na kiranta Yaya, ita kuma tana kiran Inna Mama, suna hirarsu da hannu da gira. A can ba su buƙatata.

Sai mijin ya rasu. Aka yi jana'iza, aka ci ɗan abinci a coci, kafin la'asar kowa ya kama gabansa. Inna ta leƙa ta taga ta ce, "Malam, ina masu zaman makoki?" Malam take ce mini don ni ne ɗan fari, ba ta kama sunana.

Na ce, "Inna, nan ba a yi. Kati ake rubutawa a kai."

"Kati? Shi za ta ci?"

Ta dafa shinkafa ta kai, ta yi farfesu ta kai. Tsohuwa ta karɓa a bakin ƙofa, ta yi godiya mai kyau, ta rufe. Washegari kwanon zai dawo kamar yadda ya tafi, da godiya mai kyau a kansa. Asabar ta zo ta wuce ba ƙamshi, wata ta biyo ta. Labulenta ba ya buɗuwa.

Wata rana na haɗu da ɗan tsohuwar a matakala, ya zo daga wata jiha mai nisa. Mutum ne mai kirki da gajiya ta gama da shi. Ya ce mahaifiyarsa ba ta cin abinci, ta rame, in wata ya ƙare a haka dole ya kai ta gidan kula da tsofaffi. Ita kuwa ta ce masa sai dai a fitar da ita a ɗauke. Na fassara wa Inna labarin kamar yadda na ji. Ta daɗe tana jan carbi, sannan ta ce, "Ɗauko mota. Tuffa za mu saya."

Ni da na ji burodin za a yi sai na shirya kamar mai shiga jarrabawa. Na binciko yadda ake haɗawa a waya, na jera kofunan awo daga babba zuwa ƙarami. Inna ta ture su gefe da bayan hannu. Fulawa da ido, sukari da ido, ƙwai, bota, nono mai tsami, kirfa da ɗan kanumfari. Har nan na haƙura. Amma da na miƙa mata hodar da ke sa ƙulli ya tashi, sai ta jawo wani kofi da ta jiƙa kanwa a ciki, cikin wadda ta zo da ita daga gida. Ta tsiyaya. Ta dubi ƙullin, ta ƙara. Ta sake ƙarawa.

Na gyara murya na fara bayani kan yadda tsami da kanwa ke haɗuwa, da abin da ke faruwa in ɗaya ya rinjayi ɗaya.

Ta ce, "Kai dai fere tuffa, Malam."

Abin da ya fito daga murhu ya tashi sosai, sannan ya yi nadama ya zauna a tsakiya. Launinsa tsakanin ƙasa-ƙasa da kore. Na ɗanɗana gefe, na ji kamar na lashi sabulun wanki. Na ba da shawarar a rufa masa asiri a kwandon shara. Inna ta naɗe shi a tsumma mai tsabta ta yafa gyale.

"Mu je. Ka ce mata na yi irin nata, ta duba ko na iya. Kuma kada ka gyara mini magana, na san halinka."

Tsohuwa ta buɗe da rigar barci, rana tsaka. Ladabi ya hana ta ƙin karɓa, Inna kuma ba ta da alamar tafiya, don haka ta gutsuri kaɗan ta kai baki. Na ga fuskarta ta yi abin da ba ta yi ba tun rasuwar: ta motsa.

Ta ce, "Me ta sa a ciki?"

Na yi iya ƙoƙarina wajen bayanin kanwa. Ta tambayi yawanta. Inna ta nuna da tafin hannu, har da ɗan ƙari.

"Ka gaya wa Mama na gode ƙwarai. Amma wannan ba burodina ba ne."

Inna ta ce, "Ka ce wa Yaya ni ban ji bambanci ba. Gobe ma zan yi da yawa in raba wa mutanen bene, in ce a wurinta na koya."

Na dubi Inna, ta dube ni. Na fassara, kalma da kalma, ina jin kunyar duk makarantun da na yi.

Tsohuwa ta tsaya riƙe da ƙofa. Na ɗauka rufewa za ta yi. Sai ta juya ciki ta bar ta a buɗe, muka ji ƙarar kwanuka. Daga kicin ta ce, "Akwai sauran tuffa, ko duk ta kashe su?"

Ban taɓa ganin aiki mai tsabta kamar na ranar ba. Tsohuwa ta ɗauki wuƙa. Ta fere tuffa ɓawon na sauka a zare ɗaya. Ta juya ƙulli a hankali, ta tsaya tun da sauran ɗan gari, ta kama hannun Inna ta nuna mata inda ake dainawa. Ta zuba rabi, ta barbaɗa sukari da kirfa, ta rufe da sauran. Ba ta duba agogo ba. Da ƙamshin ya canja ta miƙe. Inna na gefe ta haɗa hannu a ƙirji kamar ɗalibar da ba ta taɓa ganin murhu ba.

Da ya huce ta yanka, ta ba Inna, ta ɗauki nata don ta nuna yadda ya kamata ya kasance a baki. Ta cinye. Ta yanka wani ta shafa bota. Tana ci ta ce a garinsu in aka yi rasuwa, maƙwabta ne ke karɓe kicin da garke, masu gida ba sa taɓa komai. Ta ce tun da mijinta ya tafi ba wanda ya taka kicin ɗinta sai yau. Na buɗe baki zan fassara, Inna ta ɗaga mini hannu. Ta matsa ta zauna kusa da ita.

Daga ranar Inna ta zama ɗaliba mafi taurin kai da na taɓa gani, kuma na ga da yawa. Kowace Asabar da sabon kuskure: yau ta manta ƙwai, gobe ta cika citta. Tsohuwa ta koma zuwa kasuwa da kanta, don ta ce ba za a bar Mama ta zaɓi tuffa ba. Da ɗan ya dawo ƙarshen wata, ya tarar da mahaifiyarsa da gari har gwiwar hannu tana faɗa kan yawan sukari. Ya ci yanka biyu, bai sake ta da maganar gidan tsofaffi ba. A ɗakinta ta ci gaba da zama har muka tashi daga unguwar.

Ana gobe Inna za ta koma gida, tana ɗaure kaya, na tambaye ta ko da gangan ta yi.

Ba ta ɗago ba. "Tun ba a haife ka ba nake sa kanwa a ƙulli, kana ganin hannuna zai zarce? Da na kai mata mai daɗi, godiya za ta yi ta rufe ƙofa. Ai ta gaji da a ji tausayinta. So take a buƙace ta."

Yanzu ni ma ina gasa burodin, da kofunan awona, kuma yana fitowa daidai. Abin da har yau yake ba ni mamaki shi ne macen da duk unguwa ta san hannunta ta yarda wata ta ɗauke ta wadda ba ta iya ba, mako bayan mako, ba ta taɓa kare kanta ba. Na je gaisuwar mutuwa sau da yawa tun daga lokacin, kullum da abu mai kyau a hannu da kalmomi masu kyau a baki. Ana yi mini godiya sosai. Ban dai kai matsayin da zan iya ɓata abu saboda wani ba tukuna.